Shuɗiyar Waya a Ɗakin Amarya

Masu karatu, ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku yau ko Innata ban iya faɗa mata da bakina ba. Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Basira Rabo, haifaffiyar Gaya, shekarata ashirin da huɗu, kuma sana'ata ja wa gidajen mutane wayar kuran, wato wutar lantarki. E, mace ce ni, kuma ina hawa tsani. Ku yi mamakinku ku gama, ina jira. 'Yan unguwarmu shekara shida ke nan suna yi, har yau ba su sauke ba.

A ranar da zan ba ku labarinta, saura kwana tara a ɗaura mini aure da Misbahu, saura kuma sa hannu ɗaya tak in karɓi agrema. Agrema ita ce takardar hukuma da ke shaida cewa wance ta isa ta haɗa wutar gida da sunanta, a zo a saka kontar, mitar wuta ke nan, ba sai ta bi wani ƙato tana roƙon ya sa mata hannu a kan aikin da ko waya ɗaya bai ɗaura a ciki ba. Na ci jarrabawar rubutu a Dosso. Na ci ta allo, wadda ake miƙo maka katako da wayoyi a ce haɗa muna kallo. Dosiyena, fayil ɗin takarduna, ya cika har ya yi tumbi: takardar haihuwa, ta zama 'yar ƙasa, ta kotu, ta likita, da hotuna huɗu da na fito a cikinsu kamar an tsorata ni. Abin da ya rage shi ne a zo a duba gida guda da na haɗa tun daga farko har ƙarshe. Gida ɗaya gare ni irin wannan, shi ne wanda Misbahu ya gina mana a hanyar Tanda.

Ba zan ɓoye muku ba, na fi yin mafarkin takardar nan a kan na lalle da kayan lefe. In na sauka bakin kogi da yamma sayen kifi, sai in tsaya in manta abin da ya kawo ni. Fitilun garin Malanbil na ƙasar Benin suna fara kamawa a tsallake, ɗaya bayan ɗaya, haskensu na rawa a kan ruwa, ni kuwa ina can ina gina shago a raina. Ƙofarsa koriya, allonsa fari, an rubuta sunana da na Babana. A cikin aljihun tebur akwai hatimina, mai zagaye, in danna shi a kan takarda in ɗaga a hankali. Har 'yan mata uku nake gani a bayana, kowacce da pansi, filayar kama waya, a aljihu, muna tafe mutane na matsa mana hanya. Sai mai kifi ta ce, "Basira, za ki saya ko kallon Benin kika zo?"

Sai dai takardar ba ta ado ba ce. Ranar da aka sa rana, Baffa Sumana, ƙanen marigayi Babana kuma waliyyina, ya zauna a tabarmar Inna ya aje hularsa a gwiwa.

"Ɗiyata, ni ban hana ki sana'ar ubanki ba," ya ce. "Amma matar aure ba ta shiga gidajen mutane da tsani babu takarda. In gida ya kama wuta, wa za a riƙe? Ki kawo mini takardar gwamnati kafin ɗaurin aure, in san aiki ne, ni da kaina zan tsaya miki. In ba ki kawo ba, ki aje kayan nan ki zauna."

"Na yarda, Baffa."

"Kin ji da kunnenki, Hajjo?"

Inna Hajjo ta ce ta ji. Na san addu'ar Inna ta rabu biyu tun daga ranar: rabi in samu takardar, rabi in sauko daga tsani da ƙafafuna lafiya in zauna kusa da tukunya. Ban ga laifinta ba, uwa ce.

Yanzu bari in kai ku inda matsalar take. Wayar kuran a gida biyu ce: mai wuta, wadda ke cizo, da mai sanyi, wadda wutar ke komawa ta cikinta. Launin robar da ke jikinsu shi ke gaya wa ma'aikaci wace ce wace. Babana a Birnin Kebbi ya koyi aiki, a Kamba can tsallaken iyaka ya yi ƙuruciyarsa, daga kasuwar can yake sayo waya, ai tsakaninmu da su tafiyar babur ce. Ka'idar da ya taso da ita ta tsoffin ma'aikatan can ce, ita ya zuba mini a kai tun ina riƙe masa tsani: "Baƙa ce mai sanyi. Duk mai launi, ja ce, rawaya ce, shuɗiya ce, tana cizo." Da ita na tashi, da ita hannuna ya saba, kuma fitilar da muka haɗa ba ta taɓa ƙin kamawa ba.

Wata biyar baya na ja wayar gidan Misbahu. Kwanakin nan, Allah Ya sani, sun fi kowane zance da muka taɓa yi a ƙofar gidanmu daɗi. Gidan ba ƙofa ba taga, sai ƙamshin sabon siminti da iskar da ke zuwa daga cikin giginya. Misbahu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, rake da doya yake kai wa Yamai. In ya sauka sai ya zo ya zauna a kan bulo yana fere mini rake, yana kallona a saman tsani kamar bai taɓa ganin mutum na aiki ba.

"A nan za a sa gado," ya ce, yana nuna kusurwa da wuƙa. "Ki sa makunni kusa, don ni malalaci ne."

"Sai ka biya kuɗin lalaci."

"Na biya da kaina gaba ɗaya, mi ya rage?"

Ina cikin wannan shashancin, a uwar ɗaka, ɗaki na ƙarshe, jar waya ta ƙare. Na buɗe akwatin Baba na ga nadin shuɗiya sabuwa fil. Na ja ta a matsayin mai wuta, baƙa a matsayin mai sanyi, na rufe. Ko gezau ban yi ba, a wurina daidai na yi.

Sati biyu bayan haka na tafi Dosso horon wata uku da ake yi kafin jarrabawa. A satin farko malaminmu, wanda muke kira Mushe da Faransanci, ya juya ga allo ya rubuta ka'idar ƙasarmu da manyan baƙaƙe: shuɗiya ita ce mai sanyi, ita kaɗai. Ja da baƙa da ruwan ƙasa masu wuta ne. Na ɗaga hannu.

"Mushe, in mutum ya juya su fa? Ai fitila za ta kama."

"Za ta kama," ya ce. "Amma wanda zai zo gyara a bayanki bai san zuciyarki ba. Launi zai karanta, ya kai hannu."

Ni haddata da baki take. Kowace yamma in na dawo masauki sai in ɗauki portabul, wayata ta hannu, in yi wa Misbahu vokal, saƙon murya, in karanto masa darasin ranar kamar mai rera waƙa, shi kuma ya saurara a hanya yana tuƙi. Ya kan maido mini da muryata, yana ƙanƙance tasa: "Shuɗiya mai sanyi, shuɗiya ba ta cizo. Injiniya, na ci ko na faɗi?" In yi dariya har in kwanta a katifa. Kuma duk lokacin nan na san abin da ke cikin ɗakinsa, ban faɗa ba.

Da na dawo Gaya na je na gyara. Na sake wayoyin tablo, akwatin da dijonktar mai katse wutar gida yake ciki, na sake na falo da na kicin da na ɗakin baƙi, duk suka koma bisa ka'ida. Da na zo uwar ɗaka sai na tsaya a bakin ƙofa. An riga an buga filafon, wato silin, an shafe shi da fenti ruwan madara wanda Misbahu ya zaɓa da kansa. Kafinta ya kafa wata ƙatuwar armuwar ta aje tufafi a jikin bango, ta rufe piriz, wato soket, da akwatin haɗi, ga gado an ɗaure. Gyaran ɗakin nan na nufin a ɓalle filafon, a cire armuwar, gari ya ji cewa 'yar Rabo ta yi kuskure a ɗakin aurenta, Baffa ya ce ai dama. Sai na ce wa kaina: ni ce mai ɗakin, bayan biki zan gyara a hankali, ba wanda zai taɓa. Na ja ƙofa na fito. Inda ido ke gani na gyara, masu karatu, kar ku nema mini uzuri.

Ranar Talata aka ce mai dubawa za ta zo. Tun da sassafe na goge rigar aikina ruwan toka, na sa ta a kan atamfata mai ganyen mangwaro, na ɗaura ƙaramin hijabi na cusa bakinsa cikin wuya don kar ya kama wani abu. Inna ta bi ni da kaskon turare har zaure, wai ko ma'aikaciya ce ni, amarya ce dai. Portabul ya yi ƙara, saƙon Misbahu ne.

"Injiniya, kin tashi? Sau biyu na share ƙofar gida saboda baƙuwarki."

"Ka bar ce mini injiniya, ba a sa hannu ba tukuna."

"Ni na sa nawa tun bara."

Na karanta na yi murmushi ni kaɗai a zaure, kamar wata marar aikin yi. Sai kuma na tuna da uwar ɗaka. Na hau kabu-kabu da tsanina a kafaɗa.

Na tarar da Baffa Sumana ya riga ni, ya ce da idonsa yake so ya gani. Misbahu na tsaye cikin farar shadda, sai ka ce yau ne ɗaurin auren. Da hantsi motar ofis ta tsaya, wata mata ta fito, za ta yi shekara hamsin, gilashinta rataye da igiya a wuya, jakar kayan awo a hannu. Madam Khadijatul Kubra ke nan. Ta dube ni daga hijabi har takalmi.

"Ke ce Basira? A zagayen nan duk maza ne, sai ke. Mu gani."

Ba ta da yawan magana. Ta buɗe tablo ta daɗe tana kallo. Ta fita bayan gida ta auna sandar da na kafa a ƙasa don ta sha wutar da ta ɓace. Ta kwance piriz biyu a falo, ɗaya a kicin, ta ja wayoyin da yatsa ta ga ba su motsi.

"Wa ya koya miki lanƙwasa waya haka?"

"Babana, Madam. Allah Ya yi masa rasuwa."

"Allah Ya jiƙansa. Ya iya aiki."

Daga nan muka shiga uwar ɗaka. Ta danna makunni, fitila ta kama. Ta kunna fanka, ta juya. Ta soka na'urarta a piriz ɗin gefen gado, allurar ta nuna daidai, don na'ura ba ta ganin launi. Ta dubi armuwar ta ce, "Wannan sai maza huɗu," ta juya ta fita. Na bi bayanta. A falo ta ɗora dosiyena a bakin taga, ta fito da biro da hatimin ofis. Rana ta faɗo a kan takardar, har ina iya karanta sunana daga inda nake. Ƙofar nan koriya ta shagona ta buɗe a raina, na ga 'yan matana uku sun jeru.

"Ango, ka huta," Madam ta ce tana cire murfin biro. "Gyara kyauta har tsufa."

Misbahu ya yi dariya. "Ai ni ma na zama rabin ma'aikaci, Madam. Wata uku ina ɗaukar darasi a hanyar Yamai. Shuɗiya mai sanyi ce, ba ta cizo. Fankar ɗakin can ma na ga tana ɗan rawa, in kun tafi zan hau in ɗaure ta, kar a ce komi sai amarya."

"Ka kashe dijonktar tukuna, ko wace kala ce," in ji Madam, idonta na kan takarda.

"To, Madam."

Na san wannan "to" ɗin. Mutumin da ke cusa hannu cikin injin kamiyo yana aiki, shi ne zai tafi falo kashe dijonktar don fanka? Na dubi hannunsa na dama, mai tabon wuƙar rake a babban yatsa. Na gan shi a kan gado a tsaye, yana murmushi zai ba ni mamaki, yana tura baƙar waya gefe da hankali, ya kama shuɗiyar da yatsu biyu, don ni na ce masa ba ta cizo. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a saman tsani ba. Ina son takardar nan, Allah Ya sani, amma a lokacin na gane wanda na fi so.

"Madam, ki dakata."

Bakin biron na kan takarda. Ta ɗago.

"Akwai abin da ba ki gani ba."

Na ɗauki tsanina na koma ɗaki, suka biyo ni su uku. Na hau, na kwance murfin fankar, wayoyi biyu suka leƙo, baƙa da shuɗiya. Na ciro turnabis, sukudireba mai 'yar fitila, wanda ke haske in ya taɓa wuta. Na ɗora a kan baƙar, shiru. Na ɗora a kan shuɗiyar, ya yi ja. Na riƙe shi a wurin har kowa ya gani.

Baffa bai fahimta ba, ya ce, "To ai ga wuta nan, mi ne ne laifin?" Misbahu ya fahimta, don ni na koya masa. Ya dubi 'yar fitilar, ya dubi tafin hannunsa, ya sa hannun a aljihu.

"Ɗaki nawa?" Madam ta tambaya.

"Wannan da banɗakinsa."

"Yau kika tuna, ko kin sani?"

Da na ce yau na tuna, da ta yarda. Na ga hakan a fuskarta, kamar tana buɗe mini ƙofa.

"Na sani, Madam."

Ta mayar da murfin biro. "Ba zan sa hannu ba, ɗiyata, kin san haka. Ba zan soke dosiyenki ba, zan rubuta a sake dubawa. Amma zagayenmu na gaba a Gaya sai bayan wata huɗu." Ta tattara kayanta. A bakin mota ta tsaya ta sa gilashinta ta dube ni sosai. "Shekara ashirin ina duba gidaje. Ba a taɓa kirana a nuna mini abin da na tsallake ba." Ta shiga mota suka tafi.

Baffa ya sa hularsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. "Alkawari dai kin san shi, Basira. Saura kwana tara." Ya hau babur ɗinsa. Na juya neman Misbahu, na tarar yana kashe dijonktar ɗin gidan gaba ɗaya. Ya kulle ƙofa, ya tsayar mini da kabu-kabu, ya ɗora mini tsani a kafaɗa da hannunsa.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na zata zan tarar da Inna cikin farin ciki, tunda rabin addu'arta ya karɓu. Sai na same ta zaune kusa da akwatin kayan aikin Baba, tana goge masa ƙura da bakin zanenta. Ta turo mini kwanon dambu ta ce in ci. Na shige ɗaki na kwanta da rigar aiki, na yi kuka mai isata, na takarda da na kunya.

Bayan la'asar portabul ya yi ƙara. Misbahu ne. Babu "injiniya" a farkon saƙon.

"Tun yaushe kika sani?"

Na rubuta cewa na yi niyyar gyarawa bayan biki, na goge. Na rubuta zancen filafon da armuwar, na goge. Na rubuta cewa tsoron Baffa ne, shi ma na goge, don duk gaskiya ne amma ba su ne amsar ba.

"Tun satin farko a Dosso."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Ina riƙe da portabul da hannu biyu har aka fara kiran magariba a masallacin tasha.

"Wato duk vokal ɗin nan, kina koya mini in kama ta, kin san tana can tana jirana."

Na kifa fuskata a matashi. Can sai wani saƙon ya shigo, dogo, na tashi zaune na karanta shi da hawaye a ido.

"Na kira kafinta, gobe da hantsi zai cire armuwar ya ɓalle filafon. Ki zo da tsaninki ki gyara aikinki, ba zan bari wani ya taɓa shi ba. Baffa ki bar ni da shi, ni zan roƙe shi wata huɗun, don na ga abin da kika aje yau da hannunki. Amma in kin zo kar ki yi mini magana tukuna, Basira. Ban san da wace fuska zan dube ki ba."